Ba gadar ƙasa ce ta mai da Katsina birni ba

Tun da aka buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, duk sa'ad da wani ya ɗora hoton fitilunta a Facebook sai ka ga an biyo shi da magana guda: wai yanzu ne Katsina ta zama birni. Na yi ta kau da kai, har abin ya ishe ni.

Gadar ta rage cunkoso, wannan babu musu. Amma mai cewa sai yanzu muka zama birni, ina tantama ko ya taɓa sauka daga mota ya taka hanyar da ta taso daga Ƙofar Yandaka zuwa Ƙofar Soro da ƙafarsa. Ta Ƙofar Yandaka Gwamna Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903. Ba daji ya tarar ba. Ya tarar da gari mai ganuwa da ƙofofi, da fada, da alƙalai, da malaman da suka gaji karatun su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Hanyar ta kai shi Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, gidan da Muhammadu Dikko ya shiga da sarauta a 1906, wanda jikokinsa ke ciki har gobe.

In ka ratsa kaɗan ta cikin lungu, ga Hasumiyar Gobarau, wadda tarihin baka ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Da ƙasa aka gina ta. Ta yi aikin kiran salla, an hau ta an hango mahara, ta ci ɗaruruwan damina tana tsaye. Mu kuwa da muke raina tubali, ginin bulo na shekara goma sai ka ga bango ya tsage. To, wa ya kamata ya yi wa wani dariya?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganuwa. Wani ya haƙi ƙasarta ya yi yaɓe, wani ya lafta shago a bayanta, wani ya mai da gindinta juji, kowa yana gani ya yi shiru. Ƙofofin kuma an sake su da siminti an shafa fenti, aka ce an raya tarihi. Ƙofar da babu ganuwa a gefenta me take tsarewa? Ado ne kawai a tsakiyar kwalta. Har tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mai da makarantar Kaduna a 1938, tambayi ɗan sakandare a garin nan ko ya taɓa leƙa shi.

Masu cewa tarihi ba ya cika ciki, ban ga cikin da rushe ganuwa ya cika ba, in ban da na dillalan filaye.

Ba wani abin a zo a gani nake nema ba. A shata abin da ya rage na ganuwar, a hana kowa taɓawa, komai girman rawaninsa. A kira maginan gargajiya su riƙa yaɓe kafin damina, tun da sauransu a raye. A kafa alluna da Hausa a bakin kowace ƙofa. Kuɗin fitilun gada guda ma ina jin sun isa a fara.