Mai wayarin, rubuta lissafinka dalla-dalla kafin ka fasa bango

Yawancin rigimar mai gida da mai wayarin daga takardar lissafi take farawa. Sai ka ga an yagi fallen littafi an rubuta "wayarin gida, kaya da aiki", an dangwala jimla ɗaya a ƙasa. A ganina duk mai yin haka shi ya gayyato wa kansa zargi, ko da bai ci kwabon kowa ba.

Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. A wajen kaya kuma "waya rol shida" bai isa ba. Faɗi kaurinta: 1.5mm ta fitilu da fanka, 2.5mm ta soket, 4mm ta hita da na'urar sanyaya ɗaki, 10mm ko 16mm wadda za ta taso daga mita zuwa akwatin bireka, wato makunnin da ke katse wuta in lodi ya yi yawa. Sa sunan kamfanin, Coleman ne, Cutix ne ko Nigerchin, da mita nawa ke cikin rol ɗin. Akwai wayar tagulla zalla, akwai ta alminiyam da aka shafa wa tagulla. A ido kamarsu ɗaya, a farashi ko kusa. Ta biyun ce ke ɗaukar zafi a mahaɗa har soket ya narke. In ba ka rubuta ba, mai gida zai leƙa kasuwar Sabon Gari a faɗa masa kuɗin mai arhar, ya dawo yana cewa ka yanke shi. Haka bireka, a faɗi amfiya nawa ce kowacce, fayif ɗin da ake zura waya a ciki kuma 20mm ne ko 25mm.

Masu lissafin aiki da poyin, wato kuɗi kan kowane soket ko fitila, ku fayyace: soket mai baki biyu poyin ɗaya ne ko biyu? Fitilar da ake kunnawa daga wuri biyu fa? Wa zai cike ramin da aka fasa, kai ko magini?

Sa kwanan wata, ka rubuta cewa farashin na kwana 7 ne ko 14, tunda kuɗin waya dala yake bi. Biya kuma a raba shi uku bayan kafin alƙalami: in an gama binne fayif, in an ja waya, sai ciko bayan an ɗaura soket da fitilu an gwada. Kowane biya da rasidinsa.

Inda aka fi ɓatawa shi ne "Malam, ɗan ƙara min soket a nan". Bayan filasta wannan ƙarin ba ƙarami ba ne, sabon fashin bango ne da sabuwar waya. Tura kuɗinsa ta WhatsApp, sai Alhaji ya amsa sannan ka ɗauki guduma.

In kamfaninka na karɓar harajin VAT, kashi 7.5 ɗin ya zauna a layinsa. A ƙasan takardar kuma rubuta abin da ba ya ciki, musamman kuɗin mita da na jona wuta daga fal, don da yawa suna ɗauka duk a wuyanka suke.