Mai kyauta ya zaɓi fanni, jami'a ta zaɓi mutum

A Bagadaza an yi wani malamin nahawu da ake kira Al-Wajih Ibnud Dahhan, wanda ya rasu a shekarar 1215 miladiyya. Ya taso a mazhabar Hambaliyya, daga baya ya koma Hanafiyya. Ana nan sai gurbin malamin nahawu ya samu a makarantar Nizamiyya, wadda waziri Nizamul Mulk ya gina aka buɗe a 1067. To, a takardar waƙafin makarantar akwai sharaɗi: wannan kujera ba a ba da ita sai ga ɗan mazhabar Shafi'iyya. Malam bai ɓata lokaci ba, ya koma Shafi'iyya, aka ba shi kujera. Har wani mawaƙin zamanin ya yi masa zambo, yana cewa ba don addini ya sauya ba, don abin da zai samu ne.

Duk lokacin da na ji an ta da maganar attajirin da ya kawo wa jami'ar gwamnati kuɗi tare da sharaɗin addini, wannan labari ne yake fara faɗo mini a rai. A nahawun Larabci, fa'ili, wato mai aikatawa a jimla, rufu'a dai yake ɗauka a bakin Bashafi'e, haka yake ɗauka a bakin Bahanafe. Sharaɗin bai ƙara wa ɗaliban Nizamiyya ko wasali ɗaya na ilimi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tura mutum mai ilimi ya taɓa abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa saboda albashi.

Duk da haka Nizamul Mulk yana da abin kare kansa. Shi ya kafa makarantar, kuma tun ranar farko kowa ya san ta Shafi'awa ce. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya cewa sharaɗin mai waƙafi tamkar nassi ne wajen aiki da shi, muddin bai saɓa wa shari'a ba. Wanda ya gina makarantarsa da dukiyarsa, ya ce ta mabiya addininsa ce, ba ni da ja da shi, ko Musulmi ne, ko Kirista, ko Bayahude. Maganar da ke gabanmu daban ce. Jami'ar gwamnati an riga an gina ta kafin mai kyauta ya iso. Da harajin jama'a aka sayi filin, aka ɗora ginin, aka cika ɗakin karatu da littattafai, ake biyan mai gadi da mai shara da farfesa. A cikin masu biyan harajin nan akwai mai zuwa masallaci, da mai zuwa coci, da wanda ba ya zuwa ko'ina. Mai kyauta yakan zo ne da abin da bai kai kaso kaɗan na hidimar gidan ba. Idan aka bar shi ya ce ga irin mai imanin da zai zauna a kujerar da ya saya, to an ba shi iko a kan dukiyar da mafi yawanta ta wasu ce.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mai kyauta yana da cikakken 'yanci ya faɗi abin da za a yi da kuɗinsa, amma ba shi da ikon cewa a auna imanin wanda zai koyar ko wanda zai koya. Ya ce a kafa kujerar farfesa kan tarihin Musulunci, ko kan harshen Ibrananci, ko kan falsafar Hindu, madalla, a karɓa da hannu bibbiyu. Ya ce a sayi tsofaffin rubuce-rubucen addini a adana, ko a tura ɗalibai bincike, duk daidai ne. A 2005 Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya bai wa jami'o'in Harvard da Georgetown dala miliyan 20 kowacce domin nazarin Musulunci da fahimtar juna tsakanin addinai, a 2008 kuma ya bai wa Cambridge da Edinburgh fam miliyan 8 kowacce. Nazarin addini fanni ne na ilimi kamar kowane fanni, kuma jami'ar da ta gudu daga gare shi ta yi wa kanta asara. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da takardar yarjejeniya ta tashi daga faɗin fanni ta koma faɗin mutum.

Haka ta faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta gwamnatin jiha ce. Wata gidauniya mai suna Dharma Civilization Foundation ta yi tayin kuɗi domin kafa kujerun farfesa kan addinai da wayewar Indiya. Malamai da ɗalibai suka yi ƙorafi, aka kafa kwamiti ya duba. Babban abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne gidauniyar ta fito fili da irin malamin da take so, wato masani wanda kuma mabiyin addinin ne a aikace. A farkon 2016 jami'ar ta ce ba za ta karɓi dala miliyan 3 ba. Na tabbata ba da daɗin rai aka yi wannan ba, domin sashen da ke neman kuɗin bincike ido rufe ba ya mayar da miliyan uku yana murmushi. Kuma ina fahimtar zafin da mabiya addinin Hindu suke ji idan suka ga baƙi suna fassara musu littattafansu ta hanyar da ba su yarda da ita ba. Musulmi sun san wannan zafin sarai, sun daɗe suna kuka da abin da wasu Turawa masu nazarin Gabas suka rubuta a kansu. Amma maganin rubutun da bai yi maka daɗi ba shi ne ka yaye ɗalibai masu ƙarfin hujja, su shiga takarar kujerar su ci da iliminsu. Wanda ya hau kujera saboda mai kuɗi ya yarda da aƙidarsa, ko gaskiya ya faɗa za a ce ladan kuturu ya ci, dole ya yi aski. Mai kyautar ya kashe kuɗinsa ya sayi muryar da ba wanda zai saurara da natsuwa.

Wannan ɓangaren na ɗaukar malamai bai cika wuya ba. Ko Yale, wadda jami'a ce mai zaman kanta, a 1995 ta mayar wa attajiri Lee Bass dala miliyan 20 da ya bayar, bayan ya nemi a ba shi damar amincewa da malaman da za a ɗauka. Inda maganar take da nauyi, inda ni kaina nake jinjinawa kafin in yanke hukunci, shi ne tallafin karatu.

Ɗauki misalin tsohuwa da ta yi shekara arba'in tana aiki, ba ta da magaji na kusa, ta rubuta a wasiyyarta cewa a ba jami'ar garinsu ɗan abin da ta tara domin a riƙa biya wa ɗalibi ɗaya ko biyu 'yan addininta kuɗin makaranta. Ba ta ƙi kowa ba. Ibada take nufi, tana fatan lada ya bi ta kabari. Wa zai dubi wannan baiwar Allah ya kira ta mai wariya? Kuma idan jami'a ta ce ba ta so, kuɗin ba ya komawa ga ɗalibin wani addini, ɓacewa yake yi daga hannun kowa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma kotuna sun saurare ta. A shekarar 2000 wata kotu a lardin British Columbia na Kanada ta amince da tallafin da aka ware wa ɗalibai 'yan Katolika masu riƙo da addininsu a Jami'ar Victoria. Kotunan sun bambanta irin wannan da gidauniyar Leonard, wata gidauniyar tallafin karatu a Kanada wadda aka kafa a 1923 domin farar fata 'yan Furotesta masu tushen Birtaniya kawai, takardarta tana faɗa ɓaro-ɓaro cewa farar fata sun fi kowa cancantar jagorancin duniya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta soke waɗannan sharuɗɗa a 1990. Haka a Afirka ta Kudu, a 2006 kotu ta goge sharaɗin wata wasiyya ta 1920 da ta ware tallafi ga ɗaliban Jami'ar Cape Town amma ta cire duk wanda ba Bature ba, da Yahudawa, da mata.

Na yarda akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya ba da kyauta don ƙaunar nasa da wanda ya bayar don ƙin wasu. Amma ka sauko daga zauren kotu ka shiga ofishin da ake raba tallafin, ka tsaya a bayan ma'aikaciyar da fom ɗin ke gabanta. An ce mata a ba mai riƙo da addini. Yaya za ta gane shi? Ta nemi takarda daga limami ko fada? Wane limamin, tunda wani ba ya bin wani salla? Yarinyar da uwarta ke wannan addini ubanta ke wancan, a wane layi za a sa ta? Ɗalibin da ya karɓi tallafin a ajin farko, a aji uku zuciyarsa ta sauya, a ƙwace ne ko a ƙyale? Idan an ce a ƙwace, to ma'aikaciyar gwamnati ta zama mai hukunta mutum a kan imaninsa. Idan shi kuma ya yi shiru ya ci gaba da sa hannu a fom duk shekara don kada karatunsa ya tsaya, an koya wa yaro ɗan shekara ashirin abin da aka koya wa Ibnud Dahhan. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin, kuma ina ganin masu addini ne ya kamata su fi kowa ƙin sa, domin su ne suka san muni da haɗarin munafunci.

Akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. A 1996 wata kotu a tsibirin Prince Edward na Kanada ta duba wasiyyar da ta ware tallafi ga ɗalibai 'yan Furotesta. Dokar jami'ar ta hana ta yi wa kowa gwajin addini, sai aka bar tallafin ya rayu a hannun wasu amintattu na waje, jami'a ta tsame hannunta daga zaɓen. Ni wannan nake goyon baya. Coci ko masallaci ko gidauniyar iyali su riƙe kuɗinsu, su zaɓi yaransu da ma'auninsu, su biya musu kuɗin makaranta kamar yadda uba yake biya wa ɗansa. Ba wanda ya taɓa tambayar uba dalilin da ya sa ya biya wa nasa bai biya wa na maƙwabci ba. Wasiyyar tsohuwar nan ta cika, ɗalibi ya yi karatu, ofishin gwamnati kuma bai tambayi kowa addininsa ba. Kotun ƙolin Amurka ta faɗi makamancin wannan a 1957 a shari'ar makarantar Girard da ke Filadelfiya, wadda wasiyyar da ta kafa ta ta ware wa marayu farar fata kawai: tunda hukumar birni ce ke gudanar da wasiyyar, wariyar da ke cikinta ta zama wariyar gwamnati. Hannun da ke rabawa shi ne abin dubawa.

Labarin Girard yana da wani darasi ga masu ganin sharaɗin addini kullum nasu zai taimaka. Stephen Girard, attajirin da ya bar wasiyyar kafa makarantar, wanda ya rasu a 1831, ya rubuta cewa kada wani malamin addini na kowace ɗariƙa ya koyar a makarantarsa, kada ma a bar shi ya shigo ko da ziyara ce, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da wasiyyar a 1844. Ƙofar da ka buɗe wa attajirin addininka yau, gobe attajirin da ke ƙin addininka ne zai biyo ta, kuma mai yiwuwa aljihunsa ya fi zurfi. Mutanen Ingila sun sha fama kafin dokar 1871 ta cire gwajin addini daga yawancin digirori da muƙaman Oxford da Cambridge da Durham. Abin da majalisa ta fitar ta ƙofar gaba bai kamata a dawo da shi ta taga ba don kawai ya zo da cek a hannu.

Laifin ma ba duka na masu kyauta ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugabannin jami'o'i da yawa suna sa hannu a yarjejeniya a ɓoye, su ɗauki hoto da mai kyauta, sai bayan shekaru malamai su gano abin da aka yi alkawari da sunansu. Gwamnatocin da suka bar jami'o'insu cikin yunwa su ma suna da kasonsu, domin mai jin yunwa ba ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda. Kowace jami'ar gwamnati tana buƙatar rubutacciyar ƙa'ida ta karɓar kyauta tun kafin kowa ya ƙwanƙwasa ƙofa, tun ran gini tun ran zane. A rubuta cewa ɗaukar malami aikin majalisar malamai ne ita kaɗai, cewa fom ɗin jami'a ba zai tambayi addini don raba kuɗi ba, kuma duk yarjejeniyar da aka ƙulla za a wallafa ta kowa ya karanta. Shugaban da ke da irin wannan takarda a aljihun teburinsa ba sai ya yi musu da baƙonsa ba. Zai miƙa masa ita cikin girmamawa, ya gode masa, sannan su zauna su duba wane fanni yake so kuɗinsa ya raya.