Alhaji, a mayar musu da wutar nan

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da Madina.

Akwai abin da ke faruwa a gidajen hayarmu cikin azumin nan na shekarar 2020, da annobar korona ta kulle mu a gida, kowa ya sani, kowa ya yi gum. Da azahar, zafin Makka ya haura digiri 40, sai ka ji mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ɗaki guda ya yi tsit alhali na sauran ɗakunan suna ta ruri. Lafiyarsa ƙalau. Wani ne ya je akwatin wuta da ke ƙarƙashin matakala, ya sauke makunnin ɗakin, ya danna wa akwatin kwaɗo, ya jefa makulli a aljihun jallabiyarsa. A cikin ɗakin ga mace da yara uku, ta jiƙa zani ta lulluɓa wa ƙaramin, allurar ciwon sukarin tsohuwarta tana cikin firij ɗin da ya fara zubar da ruwa. Laifinsu hayar wata biyu. Wanda ya sauke makunnin kuwa namu ne, Bahaushe ne, da azumi a bakinsa, da dare kuma zai ja iyalinsa tarawihi a falo, ya ɗaga hannu yana roƙon Allah Ya yaye mana annoba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, a ina kake so su samo?

Tun 27 ga Fabrairun 2020 aka dakatar da shigowar masu Umara daga waje saboda korona, ranar 4 ga Maris aka haɗa da na cikin gida. Ranar 30 ga Maris a Makka aka kulle unguwannin Misfala da Nakkasa da Hosh Bakar da Ajyad da Hujun da Masafi, ba shiga ba fita. Ranar 2 ga Afrilu dokar hana fita ta zama awa 24 a duk Makka da Madina. A Jidda aka rufe unguwannin su Gulail da Petromin da Kilo 14. Ko sassaucin da aka yi a farkon azumi, na fita daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, bai shafi Makka ba. Wanda aka kama ya karya doka, tarar riyal 10,000 aka sa masa a karon farko. To mai tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, wa zai tura? Wanzami wa zai aske? Direban da ke jigila tsakanin Makka da Jidda, da mai dako a otal, da Hajiyar da ke sayar wa alhazai tuwo da fura a Shara Mansur, da baiwar Allah mai aikatau ta awa wadda uwar ɗakinta ta ce kada ta sake zuwa sai cuta ta wuce, duk suna zaune. Kuma ka fi kowa sani cewa a Ramadan da lokacin Hajji waɗannan mutane suke haɗa hayar shekara. Tallafin Sanid, wato shirin inshorar rashin aiki, da ya biya kashi 60 na albashi a 2020, na 'yan ƙasa ne kaɗai. Ma'aikacin kamfani an halatta a 2020 a rage masa albashi har kashi 40. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: daga 1 ga Yulin 2020 harajin kaya zai tashi daga kashi 5 zuwa 15, kuɗin zaman iyali da mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ke biya zai kai riyal 400 a wata kan kowane kai.

Da masu kama gida nake, waɗanda suke karɓar gida sukutum a hannun Balarabe su yanka shi ɗaki-ɗaki su ba 'yan uwa. Sana'a ce, ba wanda ya ce laifi ce in mai gida ya yarda, kuma mutanenmu da yawa da ba za su iya kama haya da sunansu ba a nan suke fakewa. Amma zo mu yi lissafi a fili. Mu ɗauka ka kama gida a kan riyal 36,000 a shekara, wato 3,000 a wata. Ɗaki 8 ne, kowanne 600, ka tashi da 4,800. Cire 3,000 na mai gida, cire kamar 600 na wuta da tankar ruwa, saura 1,200 naka duk wata. Shekara nawa kana cin wannan 1,200 ɗin daga guminsu? Yau da aka wayi gari babu, abu na farko da ya kamata ya tafi shi ne ribarka. Ka raba 3,600 gida 8, ya kama 450 kowane ɗaki. Ko iya nan ka tsaya ka sauke wa kowa 150 ba tare da ka taɓa aljihunka ba.

Wanda ya fi wannan muni ma yana nan. Masu gidaje da dama, Allah Ya saka musu, sun yafe wata ɗaya ko biyu, wasu sun ɗaga biya zuwa bayan Sallah. Sai mai kama gida ya karɓi rangwamen ya haɗiye, ya dawo yana buga ƙofofi yana cewa "Balarabe ya matsa min lamba." Subhanallah. In an yafe maka wata biyu, 6,000 ke nan. Raba 8, kowane ɗaki na da 750, ya fi hayar wata guda. Mutumin nan ya yafe ne saboda ya san akwai talakawa a gidan, kai kuma ka tare sadakar a ƙofa, ka ɗora ƙarya a kai, ka shafa masa baƙin jini a wurin mutanen da ya tausaya wa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da ya zo duba gidansa wata tsohuwa za ta tare shi da kuka, magana ta fito. Ko ba ta fito a nan ba, ka san inda za ta fito.

Na san wani zai ce, Malam, ni ma fa a wuya nake. Gaskiya ne, bashi hanji ne yana cikin kowa. Yarjejeniyar da aka yi rajistarta a Ijar, shafin gwamnati na rajistar haya, da sunanka take, kuma takarda ce da mai gida zai iya kai wa kotun zartarwa kai tsaye. In aka sanar da kai, kwana 5 gare ka ka biya, in ba haka ba a hana ka fita ƙasar, a taɓa asusunka na banki. Haka ɗan uwanmu mai takardar ɗan ƙasa wanda ya sayi gida da kuɗin banki, ana cire masa duk wata ko 'yan haya sun biya ko ba su biya ba. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Amma matsin da ya sauko maka daga sama, sama za ka fara mayar da shi. Ka kira mai gida tun ranar biya ba ta zo ba, ka karanta masa ɗaki nawa ne suka biya, nawa ne ba su da ko riyal, ka kai masa abin da ya samu, ka nemi ya raba maka sauran. Mai bashin banki ya nemi a sake tsara masa biya tun bai tsallake wata ba, don wanda ya zo da kansa ba a yi masa kallon wanda aka nemo. Mai gida ma ya san in ya kore ka yau ba mai kama gidan a wannan hali. Sarki Salman da kansa, cikin Afrilun 2020, ya ba da umarni a dakatar da ɗaure mutane kan bashi. Hukuma ta sassauta, kai ne za ka tsananta?

Kuma ka sani doka ba ta ba ka ikon yanke wa ɗan haya wuta ko ruwa ba, ko fitar masa da kaya da hannunka. In ma ka watso kayan, ina za shi cikin dokar hana fita? Ɗakin wani ɗan uwa zai cusa kansa da 'ya'yansa, mutum 5 su koma 10 a ɗaki ɗaya, a unguwannin da cunkoso ya sa aka fara kullewa.

"Wa in kana zu usratin fa naziratun ila maisarah." Ayar da ta ce in wanda ake bi bashi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, duk mun haddace ta. Yadda ake aiki da ita ne muke ɓatawa. Ka samu kowane ɗan haya shi kaɗai, ban da zauren WhatsApp na gida, ban da tsakar gida gaban matarsa da 'ya'yansa. Za ka tarar kashi uku ne. Wanda albashinsa ke shiga cif, ya biya cif. Wanda aka rage wa, a rage masa gwargwadon abin da aka rage. Wanda ba ya samun komai, shi ne mai ayar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce masa "ba komai, ka biya bayan Sallah." Ka ga kamar alheri ka yi, alhali rami ka haƙa masa. Wata 3 a 600 ya zama 1,800, ga na watan da ake ciki, 2,400 a tashi ɗaya, ga mutumin da ko ya koma aiki sai ya fara biyan mai shago. Ƙarshenta ko ya sulale da dare, ko ya ciwo bashi mai ruwa ya biya ka. Abin da ke yiwuwa shi ne a yanka 1,800 ɗin ƙanana, 150 a kan hayar kowane wata har wata 12, kuma a fara ƙirga daga watan da aikinsa ya dawo. In za ka iya yafe rabi ya fi. Haka Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu ɗan Malik nuni da hannu a masallaci, ya sauke rabin bashin da yake bin Ibnu Abi Hadrad, sannan ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya.

A rubuta. Takarda biyu, kowa da tasa: nawa ake bi, nawa aka yafe, nawa za a riƙa biya, daga yaushe, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Duk abin da aka karɓa, ko riyal 50 ne, a ba da rasit. Yawancin rigimar da ke kai mu gaban dattawan unguwa daga "ai ka ce ka yafe" da "a'a, ɗaga maka na yi" take tashi.

Kada ka ƙara ko riyal ɗaya saboda jinkiri. "Ka biya 650 tunda ka makara" kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ko da wane suna ka kira shi. Kada ka karɓe iƙama ko fasfo a matsayin jingina. Mutum ya fita sayen magani a tare shi ba takarda, alhakin a wuyanka. Ita kuma 'yar hayar da ba ta da miji a kusa, wallahi ka ji tsoron Allah kan irin maganar da kake shigar mata da sunan "za mu daidaita." Na bar wannan a nan.

Sai dabarar zakka. Wani zai ce, to na yafe masa 1,200, na cire daga zakkata ta bana. Mafi yawan malamai ba su yarda da wannan ba, domin kuɗinka da ya maƙale kake ceto da haƙƙin talakawa. In zakka za ka ba shi, ka damƙa masa a hannu ba sharaɗi. In ya ga dama ya biya haya da ita, in ya ga dama ya sayi madarar yaro.

Ku kuma 'yan haya, ban manta da ku ba. Akwai wanda albashinsa bai yi ko girgiza ba amma ya laɓe bayan korona, ya kashe waya, in ya ji takun mai gida ya ce wa yaro a ce ba ya nan, a garin da kowa ya san ba inda za a je. Jinkirin mai hali zalunci ne, kuma irinka ne ke sa a daina yarda da mai gaskiya. Wanda ba shi da shi kuwa, kada kunya ta sa ka ɓuya. Ka riga mai gida magana, ka kai 200 in ita ce ta samu, da babu gara ba daɗi. Dubu ɗayan da ka ware na ɗinkin Sallah, bana ma daga 23 zuwa 27 ga Mayun 2020 kowa na kulle a gida, wa zai gani?

Masu hali, Alhazai da Hajiyoyinmu da kuka saba shimfiɗa buɗa-baki a Harami da zuwa i'itikafi a goman ƙarshe, bana, 2020, duk babu saboda korona, kuɗin na nan ajiye. Shinkafa da mai suna ta yawo a unguwanni, Allah Ya karɓa, amma wani gidan an kai buhu uku, kuma ba a biyan haya da buhu. Wanda bashin haya ya danne yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Ku tambayi limami ko dattijuwar layi wane ɗaki ne ake bi, ku biya wata ɗaya ko biyu, ku karɓi rasit da sunan ɗan hayar ku miƙa masa, don kada a karɓa a wurinku a sake karɓa a wurinsa. Ban da hoto, don Allah.

Alhaji mai makulli, kai nake roƙo. Goman ƙarshe ta zo, kana neman a 'yanta wuyanka daga wuta, ga yara can suna gasuwa a ɗakin da kai ka kashe wa mukayyif. Don girman Allah ka sauka ƙasan matakalar nan ka buɗe kwaɗon. Maganar kuɗi a yi ta bayan an sha ruwa, da takarda da shaidu. Ka ɗaga makunnin nan kafin la'asar.