Farashin tiyar hatsi ma abin rubutawa ne

Wasu a Maraɗi na ɗauka mai rubutu sai ya taɓo siyasa ko wa'azi kafin a kira shi marubuci. In ya yi zancen ƙuli-ƙuli ko kuɗin kabu-kabu, sai a ce ya rasa abin yi. Ba haka ba ne. A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon gari, aka koma tudu. Wannan kowa ya ji. Amma nawa ake sayen tiyar hatsi a shekarar, wace waƙa mata ke yi wajen daka? Irin wannan sai a bakin tsofaffi, su kuwa suna ta tafiya. Wanda ya rubuta hirar fadar samari ta yau, da shayinta da gardamar kokowa, jikokinmu yake wa ajiya.