Ƙanzon da ba ƙanzo ba

Uwargida za ta tafi biki Zariya na kwana 3. Mayafi a kafaɗa, ta ja ni kicin ta nuna mini tsohuwar tukunyar dalma, ta ce, "Maigida, in yunwa ta matsa maka, ga wannan. Na cikin kabad ɗin can, don Allah kada ka taɓa." Na cikin kabad su ne 'yan gata, na kayan ɗakinta, masu murfin gilashi. Shekara 4 da aurenmu, ba sa hawa wuta sai in surukai sun zo.

Kwana biyu ina zarya wurin mai shayi. Ran na uku na ce haba, magidanci guda da gemunsa, dafa-duka ce za ta gagare shi? Tukunyar dalma ta yi wa cikin mutum ɗaya girma, don haka na buɗe kabad na ɗauko autar cikinsu. Na soya albasa da tumatir, na jefa daddawa, na zuba shinkafa. Ƙamshi ya tashi har na fara tausaya wa matan da ke cewa girki wahala ne.

Sai aka kira la'asar. Na ce kafin a sallame ta tsotse. An sallame kuwa, amma a ƙofar masallaci aka tayar da musun ƙwallo, ni kuma ba a yi mini ƙarya in wuce. Ƙauri ne ya tarye ni tun daga bakin layi. Har na ce a raina, wace ƙazama ce wannan ta bar abinci a wuta?

Abin da na samu a gindin tukunya ba ya cikin jinsin ƙanzo. Ƙanzon tuwo ai arziki ne, a jiƙa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Wannan kamar kwalta aka malala. Na miƙa wa akuyar maƙwabta, ta sunsuna, ta dube ni, ta yi gaba.

Na fara da cokali, ya lanƙwashe. Na koma wuƙa. Daga nan na tuna yadda mahaifiyata ke wanke tukwane da toka da yashi, na samo su, na haɗa da soson ƙarfe, na naɗe hannun riga. Bayan gumi mai yawa ƙanzon ya fita, sai na tarar da wani baƙin a ƙarƙashinsa, sumul, ya bi har gefe da gefe. Na girgiza kai na ce ashe uwargidan ma ba ta iya wanke-wanke ba, shekara da shekaru datti na taruwa. Na dage. Kafin magariba cikin tukunya ya yi fari fat, ina ganin haƙorana a ciki.

Ina cikin sha'awar aikina sai ga Iya ta gidan baya, ta biyo sawun ƙauri. Ta karɓi tukunyar ta juya ta, ta yi salati.

"Ɗan nan, ina baƙin cikinta?"

"Na fitar da shi, Iya. Da ƙyar."

"Sannu da ƙoƙari. Baƙin nan ai shi aka saya da kuɗi."

Jikarta da ke bayanta ta toshe baki, ta ce sunansa Teflon, shi ke hana abinci kamawa, ko cokalin ƙarfe ba a sa masa, sai na katako. Iya ta zauna a kan turmi ta ba ni karatun da ya kamata in nema tun da rana. In tukunya ta kama, ba a kokawa da ita. A zuba ruwa ya rufe ƙanzon, a sa sodar girki kamar cokali 2, a tafasa minti 15, a bar shi ya huce, sai ka ga yana ɗagowa da kansa. In babu soda, 'yar kanwa ma tana yi, sai dai tana sa dalma ta yi duhu, amma in an tafasa tsamiya ko lemon tsami a ciki haskenta ya dawo. Toka da yashi kuwa na tukunyar murhu ne.

Na mayar da ita kabad, can ƙurya, na jera yayyenta a gabanta.

Washegari uwargida ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta shaƙi iskar kicin, ta nufi kabad kai tsaye. Ta daɗe tana kallon fuskarta a cikin tukunyar. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta fasa ƙwai ɗaya a ciki ta ɗora a wuta, ya manne kamar an sa masa gam.

"Maigida, a Sabon Gari ake samunsu," in ji ta. "Kuma ba a sayar da guda ɗaya, sai saiti."

Na ce to ita wannan fa?

"Taka ce. Ka fara da fitar da ƙwan."