Rashin barci ba abin alfahari ba ne

Jiya wani ƙanena ya ɗora hotonsa a WhatsApp, idanu jajur, kwamfuta a cinya, yana shelar rabonsa da barci tun shekaranjiya saboda aikin wani kamfanin waje. Abokai suka yi ta yi masa kirari, wai namijin duniya. Haba samari! Yaushe wahala ta zama ado?

A Romaniya masu wasan daɓe sun daɗe suna kuka da wannan cuta. Alexandra Badea, haifaffiyar ƙasar mai rubutu da Faransanci, ta yi wasan Pulvérisés da ya ci babbar lambar yabo a Faransa a 2013. Mutum huɗu ne a ciki: 'yar masana'anta a Shanghai, mai kula da masu amsa waya a Dakar, injiniya a Bukarest, da mai duba ingancin kaya daga Liyon. Ba su san juna ba, amma aiki ya tatse su duka, har wanda ake gani babba a cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

'Yan Romaniya ba da jin labari suka san wannan wahala ba. Tun shigarsu Tarayyar Turai a 2007 'yan ƙasar ke kwarara Italiya jinyar tsofaffin wasu, nasu iyayen da 'ya'yan na gida babu mai dubawa. A Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, aka ga cincirindonsu a filin jirgin Cluj za su Jamus aikin gona. Talauci ya kora su, kuma ban ji suna tinƙaho da shi ba. Kai kuwa ka mayar da gajiya tutiya, kana yi wa mai barcin dare kallon malalaci. Asuba ta wuce ka, mahaifiyarka ta kira ka ce kana mitin. Kuɗin ma, in sun shigo, a sabuwar waya da cacar ƙwallo suke ƙarewa, wannan zancen wata rana ne.

Ban hana ku nema ba, zaman banza ya fi muni. Amma garin neman gira kada a rasa ido, jiki magayi ne. Ku dai sassauta.

Iyayenmu sun yi noma, sun yi fatauci har Gwanja, amma da magariba an rufe rumfa, an shimfiɗa tabarma, an ci tuwo tare da yara. Yanzu a zo gaishe ka ma sai an jira ka cire abin kunne.