Gansakukar Turai da ceɗiyarmu

Wanda ya rubuto mini cewa ba a yi asarar komai ba da aka sare ceɗiyar nan ta bakin titi a unguwarmu a Bauchi, wai ai ba gansakukar arewacin Turai ba ce da za a ce ta kusa ƙarewa, ina taya shi murnar wannan zurfin ilimi. Ashe sai abu ya yi ƙaranci, kuma ya fito daga ƙasar dusar ƙanƙara, sannan ya cancanci a tausaya masa!

Ban raina gansakuka ba. Tsiro ce marar saiwar gaske, ba ta fure, ba ta 'ya'ya, girmanta kuma a hankali yake, don haka Turawa suna da hujja idan suka killace fadamar da wani nau'inta ya rage. Amma ƙarancin abu daban, amfaninsa daban.

Ceɗiya da ɓaure da gamji da durumi dangi ɗaya ne, dangin da ke da nau'i sama da 800 a duniya. Ba sa jiran damina kafin su yi 'ya'ya, shi ya sa tsuntsaye da jemagu da birai ke rayuwa a kansu lokacin da sauran itatuwa suka tsaya cik. Wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Gaji a Yankari da rani ya san haka. Ko ƙananan ƙwarin nan da muke ƙyama idan mun ɓare ɗan ɓaure, su ne ke kai masa ƙurar fure daga wata bishiyar, kuma kusan kowane nau'i da nasa ƙwaron. Wanda ya sare guda ɗaya ya rufe wa halittu masu yawa rumbu, ban da makiyayin da ke sassabo wa awakinsa ganye da dattawan da ke zama a inuwarta.

Za a ce ai suna da yawa. A ina? A ƙirga mini waɗanda suka rage daga Wunti zuwa Yelwa a cikin garin Bauchi. Za a ce saiwarta na fasa gini, alhali ita ta riga ginin zuwa wurin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne an yi alkawarin dasa dogon yaro a madadinta, itacen da aka kawo daga Indiya, kamar dai inuwa kaɗai muka ce mun rasa.